Haɗa ƙidaya da sauraro a binciken gashin ƙashi: yaushe ya dace, kuma ta ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni likitar gashi ce, wato gashin ƙashi da atisaye (physiotherapy), a wani babban asibiti, kuma ina digiri na biyu. Ina so kundina ya kasance kan mata masu ciwon gwiwa na tsufa da muke bai wa atisayen gida. Na shirya zan auna zafin ciwo da ƙarfin tafiyarsu kafin a fara da kuma bayan mako 12. Abin da ke damuna shi ne, da yawansu sai su ce min da sauƙi, alhali ina ganin yadda suke dafa bango kafin su zauna, wasu kuma su ɓace bayan zuwa uku ko huɗu. Na ce wa malamin da ke duba aikina ina so in ƙara hira da su, ya ce hira ba kimiyya ba ce. Wata abokiyar karatuna kuma ta ce in haɗa duka biyun don kundin ya yi nauyi. Shin haɗawar tana da tushe a fanninmu? In tana da shi, ta ina zan fara, kuma mutum nawa zan yi hira da su?"

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya saka miki da alheri kan damuwa da waɗannan iyaye namu. Da na karanta saƙonki sau biyu, sai na ga tambaya biyu ce a hannunki. Ta farko, shin ciwon ya ragu bayan mako 12, kuma da nawa ya ragu? Ta biyu, me ya sa baki ke cewa da sauƙi jiki na cewa a'a, kuma ina waɗanda suka daina zuwa suka shiga? Ta farkon awo take so. Ta biyun kuwa ko shekara kika yi kina awo ba za ki samu amsarta ba, sai kin zauna kin ji daga bakin masu abin. Saboda haka e, haɗawar tana da tushe, kuma aikinki ya dace da ita. Sai dai dalilin da abokiyarki ta kawo ba zai kai ki ko'ina ba. Wanda ya haɗa don kundi ya yi kauri yakan ƙare da ƙananan bincike biyu da aka ɗinke a bango ɗaya, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa.

Don mu fahimci juna, duk inda na ce binciken ƙidaya ina nufin wanda ake aunawa a fitar da alƙaluma. Inda na ce binciken sauraro kuma ina nufin hira mai zurfi da mutum ɗaya, ko tattaunawa da rukuni, ko zama a lura da yadda mutane ke gudanar da rayuwarsu.

Malaminki yana da hujjarsa

Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin taurin kai. Sana'armu a ƙarƙashin inuwar likitocin ƙashi ta tashi. A Najeriya an fara ta a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, sai a 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta. An daɗe ana mana kallon masu tausa da ruwan zafi, kuma abin da ya ƙwato mana daraja shi ne awo: digiri nawa gwiwa ke lanƙwasawa, ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, mita nawa mutum ya taka cikin minti 6. Wanda ya sha wuyar wannan gwagwarmaya dole ya yi kishin alƙaluma.

Kuma alƙaluma sun sha ceto mu daga abin da muka yi amanna da shi. Shekaru da dama akasarinmu mun ɗauka cewa duk yadda aka gaggauta tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado, haka zai fi samun sauƙi. Sai aka yi babban gwajin nan mai suna AVERT, wanda aka wallafa a 2015, da majinyata 2,104 a sassa 56 na asibitoci a ƙasashe 5. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka tayar da wuri sosai, cikin awa 24, aka kuma yawaita musu motsi, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sakamako bayan wata 3. Waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuwa kashi 50 ne. Da hira aka yi da likitocin gashi da majinyata, da yawa za su yaba wa tashin wuri, domin yana da daɗin gani kuma yana ƙara ƙwarin gwiwa. Ƙidaya ce kaɗai za ta iya gano irin wannan ɗan bambanci. Ki riƙe wannan da kyau, saboda in kika je wa malaminki da cewa alƙaluma ba su da amfani, kin faɗi tun kafin a fara kokawa.

Abin da za ki nuna masa shi ne fanninmu kansa ya faɗaɗa ma'anar waraka. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ICF, wanda ke kallon gaɓa da aikinta, da abin da mutum ke iya yi da kansa, da shigarsa cikin harkokin jama'a, sannan da muhallin da yake zaune. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ita ma ta fitar da jagora a 2000 kan yadda ake gwada magani mai sassa da yawa, ta sabunta ta a 2008 da 2021, kuma a ciki ta ƙarfafa a riƙa haɗa sauraro da gwaji. Atisaye irin wannan magani ne. Ƙwaya in an haɗiye ta an gama. Atisaye kuwa ya dogara da wanda ya koyar, da wadda za ta yi, da ɗakin da za ta yi a ciki, da wanda ke kallonta lokacin da take yi.

Inda ma'auni ke tsayawa

Akwai wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi, da na yi wa gashi bayan ɓarinsa na dama ya shanye. Mun yi watanni muna aiki har ya koma tafiya ba sanda. A ma'aunin Barthel, wanda ke duba abubuwa 10 na kula da kai ya ba da maki zuwa 100, ya kai 95. Na rubuta a katinsa cewa ya kusa sallama. Ranar nan ɗansa ya tsaya da ni a baranda, ya sunkuyar da kai ya ce, Baba fa har yanzu ba ya fitowa cin abinci. Ashe shekaru masu yawa yana cin tuwon dare a ƙofar gida da maƙwabtansa bayan magariba, kwano ɗaya. Tun da ciwon ya same shi da hagu yake ci, kuma ya gwammace ya ci shi kaɗai a ɗaka da ya sa hagu a kwanon mutane. Barthel ya ba shi maki 10 cif a cin abinci, domin tambayarsa kawai ko mutum yana ci da kansa. Bai tambayi da wane hannu ba. Na shafe watanni ina gyara ƙafa, shi kuwa duk zuciyarsa na kan yatsu uku da zai yanki loma da su. Daga ranar muka sa matarsa ta riƙa zuwa da ɗan malmalar tuwo a ƙaramin kwano, shi ya zama kayan atisayenmu.

Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Haka za ki gani a gwiwa. Ma'aunin WOMAC, wanda aka fi amfani da shi a wannan ciwo, a Kanada aka tsara shi, yana da tambayoyi 24, 5 kan ciwo, 2 kan sagewa, 17 kan ayyukan yau da kullum. Yana tambaya kan hawa bene, da sa safa, da shiga mota, da shiga bahon wanka. Babu sujada a ciki, babu zaman tahiya, babu tsugunno a masai, babu tashi daga tabarma. Hajiya tana iya samun ƙarin maki mai kyau a takarda, amma tun da har yanzu a kan kujera take sallah, a wajenta ba abin da ya canza. Wata kuma makinta da ƙyar ya motsa, amma ta koma sa goshi a ƙasa da ɗan matashi a ƙarƙashin gwiwa, sai ta ce miki ta warke. Wannan giɓi ne ya sa masana a Ibadan suka tsara nasu ma'aunin na ciwon gwiwa da ƙugu, IKHOAM, wanda ya shigo da ayyuka irin namu, kuma an wallafa gwajin fassararsa ta Hausa a 2008. Ki neme shi kafin ki yanke shawarar abin da za ki yi awo da shi.

Kada kuma ki ɗauka wannan saɓani a wajenmu kaɗai yake. A Biristol ta Ingila an yi gwajin atisaye ga masu ciwon gwiwa, sai Rona Campbell da abokan aikinta suka zauna da mutum 20 daga cikinsu suka yi hira. A rahotonsu na 2001 sun nuna cewa da farko mutane na yin atisayen ne har da ganin girman likitar gashin, don kada su ba ta kunya. Ɗorewa kuwa ta dogara da ko atisayen ya samu gurbi a harkokinsu na yini, da yadda suke kallon tsananin ciwon, da ko sun ga yana musu amfani. A 2003 suka fitar da wani rahoton, inda suka jera amsoshin takardar tambayoyi gefe da gefe da abin da mutanen suka faɗa a hira. Dacewar da ke tsakanin biyun ba ta kai rabi ba. In haka ta faru a inda aka tsara irin waɗannan takardu da harshen masu amsawa, ki ƙiyasta yadda abin zai kasance a wajenmu.

Tsarin da ya dace da ke

Masana wannan fanni, musamman Creswell da Plano Clark, sun taƙaita hanyoyin haɗawa zuwa manya uku. Ana iya tattara ƙidaya da sauraro lokaci guda sannan a kwatanta su a ƙarshe. Ana iya fara sauraro, a gina ma'auni ko shirin magani daga abin da aka ji, sannan a gwada shi da alƙaluma; wannan aikin digiri na uku ne ko na tawaga, ba na ba ki shawararsa yanzu. Ta ukun ita ce taki: a fara ƙidaya, sannan a yi sauraro don a bayyana abin da alƙaluman suka nuna.

A zangon farko ki yi awonki yadda kika tsara. Zafin ciwo daga 0 zuwa 10, ma'aunin ayyuka guda ɗaya, da gwaji ɗaya ko biyu da ido ke gani, kamar a tashi daga kujera a taka mita 3 a dawo a zauna kina duba agogo, ko sau nawa za a tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. Ina so ki ƙara abu biyu. Na ɗaya rajistar zuwa, wa ta zo, yaushe, wa ta daina. Na biyu ma'aunin PSFS, wanda majinyaciya da kanta ke ambaton ayyukan da ciwon ya hana ta, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Ba ya cin minti biyar, kuma ta nan sujada da shara da goyon jika za su shigo cikin alƙalumanki da sunansu. Tun ranar farko ki karɓi lambar waya biyu daga kowace mace, tata da ta wani na kusa, tare da izinin ki neme ta ko da ta daina zuwa. In kika bar wannan sai daga baya, waɗanda kika fi bukatar ji daga bakinsu sun riga sun kuɓuce miki.

Ga wani gargaɗi da ya shafi ƙidayar kanta. Tun da ba ki da rukunin kwatanci, wato wasu matan da ba a bai wa atisaye ba, ba za ki iya rubuta cewa atisaye ne ya rage ciwon ba. Ciwon gwiwa hawa da sauka yake yi, kuma mutane sukan zo asibiti ne ranar da ya fi tsanani, don haka ko ba a yi komai ba wasunsu za su samu sauƙi bayan mako 12. Abin da za ki iya cewa shi ne an ga canji kaza a cikin waɗanda aka bai wa atisaye. Sannan ki bambance canjin da lissafi ya tabbatar da canjin da mai ciwo za ta ji a jikinta. A ma'aunin 0 zuwa 10, akan ɗauki raguwar maki 2 a matsayin wadda ta kai a kula da ita.

Zango na biyu shi ne inda haɗawar gaskiya ke farawa, kuma tana farawa ne daga wajen zaɓen waɗanda za ki yi hira da su. Kada ki ɗauki waɗanda suka fi sakin fuska ko waɗanda gidansu ke kusa. Alƙaluman ne za su zaɓa miki. Ki buɗe jadawalinki ki ware waɗanda makinsu ya inganta sosai, da waɗanda bai motsa ba ko ya ƙara lalacewa, da waɗanda bakinsu ya saɓa wa makinsu, sannan waɗanda suka daina zuwa. Ki ɗauki uku ko huɗu daga kowane gida, kina lura da bambancin shekaru da nisan gida da ƙarfin aljihu. Wannan zai ba ki 12 zuwa 16. Masu jarrabawa za su tambaye ki dalilin wannan adadi. Akwai binciken da Guest da abokansa suka wallafa a 2006, wanda suka yi hira 60 da mata a Gana da Najeriya, suka ga kusan duk manyan jigogin, wato batutuwan da ke ta maimaituwa a bakin matan, sun riga sun fito a hira 12 ta farko. Amma matan nasu masu kamanceceniya da juna ne, naki kuwa gida huɗu ne, don haka in kin kai 16 kina ta jin sabon abu daga bakin waɗanda suka daina zuwa, ki ƙara.

"Da sauƙi"

A nan nake so in daɗe, domin a nan aikin yawancin ɗalibai ke rushewa. Mu Hausawa in an ce yaya jiki, amsa ɗaya ce, ko da mutum yana kan gargara. "Da sauƙi" gaisuwa ce, addu'a ce kuma, sannan akwai gudun kada a ce mutum ya kasa haƙuri da abin da Allah ya ɗora masa. In kuma mai tambayar ita ce likitar da ta yi ta ɗawainiya da ke, ga kara ta ƙaru a kai. Tsohuwa ba za ta dubi idon 'yar cikinta da ta durƙusa tana murza mata gwiwa ta ce aikinki bai yi ba.

Don haka in da hali, kada ke da kika yi mata gashi ki zama mai hirar. Ki horar da wata, ko ku yi musaya da abokiyar aiki, ta ji naki ki ji nata. In dole ke ce, ki cire farar riga, ki bar ɗakin gashi, ki faɗa mata a fili cewa abin da bai yi ba shi kika zo nema, don a gyara wa na baya. Gida ya fi asibiti, bayan an nemi izinin maigida yadda aka saba. Ki kuma lura da wanda ke zaune a ɗakin. In ɗan da ke biyan kuɗin adaidaita sahu yana wurin, ba za ta ce kuɗin mota ne ya hana ta zuwa ba.

Kada ki tambaye ta ko tana yin atisayen, amsar e ce. Ki ce, Hajiya, ba ni labarin jiya tun daga kiran assalatu, yaya kika tashi, a ina kika yi alwala, wa ya zuba miki ruwa. Ki bar ta ta bi yinin da kanta, za ki ga inda atisayen ya shiga ko inda bai samu wuri ba. In ta yi shiru ki bar shirun, kada ki cike mata shi. Ki ce ta nuna miki inda take yi. Na taɓa zuwa gidan wata baiwar Allah da muka rubuta wa atisayen kwanciya a ɗaga ƙafa miƙe. Ɗaki ɗaya take da jikoki, tsakar gida kuma surukinta na wucewa kowane lokaci. Ta ce min, ɗan nan, ina ni ina ɗaga ƙafa sama a gaban suruki? Takardar da muka ba ta tana nan a ninke cikin kwalla, tsaf da ita, ba ta taɓa yi ba, kuma duk zuwanta tana ce mana da sauƙi. Da ta zo mana a alƙaluma kawai, da mun sa ta a layin waɗanda atisaye bai yi wa amfani ba. Muka mayar mata da shi na zaune a bakin gado, ƙafa a rufe da zane.

Ki tambayi abin da take yi wa gwiwar ban da namu, ƙaho ne wajen wanzami, man zafi ne, allura ce a kemis, rubutu ne. Ki tambaya kamar yadda za ki tambayi abin da ta ci da safe. Da ta ga alamar faɗa a fuskarki, ƙofar ta rufe ke nan.

Batun harshe kuma, da Hausa za ki yi hirar, da Hausa za ki rubuta ta kalma bayan kalma, kuma da Hausa za ki yi nazarinta. Sai a ƙarshe ki fassara guntayen da za ki sa a kundi. Mace za ta ce gwiwar na mata zugi, wata ta ce suka, wata raɗaɗi, wata ta ce ta yi tsami, wata ta ce ta sage. In kika yi gaggawar fassarawa, duk za su narke su koma kalma ɗaya ta Turanci. Wadda ta ce sanyi ne ya kama ta, tana gaya miki abin da ta ɗauka shi ne sanadin ciwon, kuma daga nan za ki gane dalilin da ya sa ta fi yarda da gashin zafi a kan motsi. Wajen fitar da jigogi, matakai 6 da Braun da Clarke suka shimfiɗa a 2006 sun ishe ki. Ba sai kin sayi manhajar nazarin hira ta NVivo ba, hira 16 takarda da biro masu launi ko Excel sun ɗauke ta. Ki sa wani ya karanta uku ko huɗu daga ciki shi kaɗai, ku zauna ku ga inda kuka saɓa.

Zaunar da su a tabarma ɗaya

In kin gama, ki zana jadawali ɗaya. Kowace mace layinta: makinta na farko da na ƙarshe, sau nawa ta zo, abin da ta faɗa da bakinta, sannan gurbi na ƙarshe na abin da kika fahimta da kika haɗa su. Wannan gurbin na ƙarshe shi ne ribar duk wahalar. In babu shi a kundinki, ba ki haɗa komai ba.

Za ki tarar da layukan da maki da baki suka saɓa, kuma ina roƙonki kada ki ɓoye su ko ki yanke cewa ɗaya ne mai gaskiya. Ki fara da duba ko ma'aunin ya tambayi abin da ya dame ta, kamar dattijon nan nawa. Ki duba wanda ya karanta mata tambayoyin da yadda ya fassara su, domin in kowane ma'aikaci yana fassarawa daga kansa, ba ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi ba. Ki duba ranar da aka auna, ko ta zo ne bayan kwana biyu tana tsaye a gidan biki. Akwai kuma abin da ke faruwa da masu doguwar jinya, mudun da suke awo da shi yakan canza. Abin da ta kira 8 a watan farko, bayan ta ga wata a layi da ba ta iya tashi sam, tana iya kiransa 5 alhali gwiwar na nan yadda take.

Ki kiyayi mayar da hira ƙidaya. Mutum 16 da kika zaɓa da gangan ba sa ba da kaso cikin ɗari. Kada ki rubuta cewa kashi kaza na mata sun daina zuwa saboda kuɗin mota. Ki rubuta cewa kuɗin mota na cikin dalilai, ki nuna yadda yake aiki a rayuwar wadda ta faɗa. Yawansa a cikin jama'a tambaya ce ta wani binciken ƙidaya na gaba.

Lokaci, izini, da iyakar shawarata

Taura biyu ba ta taunuwa ga wanda lokaci ya ƙure masa. Hirar awa ɗaya takan ci awa 5 ko 6 wajen rubutawa, ban da nazari da fassara, kuma zango na biyu ba ya farawa sai na farko ya kammala. In abin da ya rage miki bai kai wata tara ba, kuma kina aiki cikakke a asibiti, gara ki ɗauki hanya ɗaya ki yi ta da kyau, ki ajiye ɗayar don gaba.

Ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kan zangon biyu a takarda ɗaya, har da naɗar murya da ziyarar gida. Ki karanta wa kowace mace bayanin da Hausa, ki ba ta damar shawara da iyalinta kafin ta sa hannu ko ta dangwala. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin da aka yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna da haƙƙin su yi tambaya. Ki tabbatar mata ƙin shiga ba zai taɓa gashinta ba.

Wajen malaminki, kada ki je da musu. Ki je da shafi ɗaya mai zanen zangon biyu da kibiyar da ke nuna yadda alƙaluma za su zaɓi masu hira, tare da ƙa'idojin COREQ masu sharuɗɗa 32 na rahoton binciken sauraro, da na GRAMMS na 2008 kan binciken haɗaka. Mai kishin awo in ya ga abin yana da ƙa'idar da za a iya bin diddiginta, yakan sassauto. In ba fanninsa ba ne, ki roƙe shi ya yarda a ƙara mataimaki daga sashen lafiyar al'umma ko nazarin zamantakewa.

Ni aikina da manya ne masu zuwa su koma gida, kuma daga nan misalaina suka fito. Lissafin adadin matan da za ki auna a zangon farko na masanin ƙididdiga ne, ki same shi kafin ki rubuta shawarar bincike, kada ki bari sai kin tara bayanai. Ban ga asibitinku ba, ke kika san yawan matan da ke zuwa a wata da irin nisan da suke tahowa. Ki buɗe rajistar wata shida da suka wuce ki ƙirga nawa suka fara, nawa suka kai zuwa na shida, domin wannan ne zai gaya miki ko mako 12 zai yiwu. In kin rubuta tambayoyin hirar, kada su wuce takwas, ki gwada su a kan wata dattijuwa a gidanku tukuna, sannan ki turo min in duba.